Dutsen da Ya Huce a Ɓoye

Shekara talatin ina fasa dutse a bayan Yalwa.
In kwantar masa da tsohuwar taya, in cinna,
kafin asuba ya yi ƙara, ya tsage,
in bi tsagar da guduma.
Na ɗauka ni na fara nuna masa wuta.

Sai Uwani ta zo hutu daga jami'a
da 'yar guduma a jaka, kamar ta wasan yara.
Ta tsuguna kan tsakuwata,
ta tofa wa ɓalli ɗaya yawu, ta murza da yatsa.
Ga shi kore, duhu-duhu,
kamar miyar kukar da ta kwana.

Baba, ta ce, wutarka jin ɗumi ce.
Wannan a narke ya taso
lokacin da ƙasa biyu suka yi karo
kamar raguna a turke ɗaya,
tekun da ke tsakaninsu ya rufe,
ƙarƙashi ya yi zafi har ya zama kunu.
Shekara miliyan ɗari shida, ko kusa.
Na ce, wa ya ƙirga?
Ta ce, akwai ƙwayar da ke riƙe da lissafi a ciki,
ba ta kai idon allura ba.

Bai fito ba, in ji ta.
Da ya fito da ya daskare nan take, sumul, ba ido.
Can ya tsaya, a ƙasa, a rufe,
ba iska, ruwa ma kaɗan,
yana hucewa ba gaggawa,
kowace ƙwaya ta sami wurin miƙe ƙafa.
Ga mai ƙarfe, shi ya sa ya fi nauyi a kwando.
Ga 'yar'uwar kanwa.
Ga mai ƙyalli kamar ƙanƙara,
wadda a wasu duwatsun ba ta haɗa kwano da koren,
amma nan ƙarfe ya yi yawa, suka zauna.
Masana sun raɗa masa sunan garinmu.

To wa ya ɗaga shi?
Damina, Baba.
Ita ta kwashe abin da ke bisansa, hannu-hannu,
har ya wayi gari akuya na hawansa.

Ban ce komai ba.
Na tuna mahaifina, da ba a taɓa jin muryarsa a layi ba,
sai da aka binne shi muka san nauyinsa.

Tifa ta iso, direba na ta ham.
Muka loda, muka yi ciniki, ya rage min ɗari biyar.
Ɓallin da ta tofa wa yawu kuwa
yana aljihuna.
Ya huda shi tun tuni.