Juyi Ɗaya Kowane Dare

Shekara ashirin ina gyaran agogo a Taminas,
kunnena ya san bugun da ya yi tuntuɓe.
Amma sai da Ukasha ya kai bakwai
na san numfashi ma yakan tsaya.

Dare a Gangare, sanyi ya ratsa bargo biyu.
Ga shi rigingine, baki buɗe,
yana minsharin dattijon da ya wuni a gona,
sai ɗif.
In yi ta ƙirga, ɗaya, biyu, har tara,
kafin ya fizgo iska
kamar wanda aka tsamo daga kududdufin kuza.

"Gado ne," in ji Inna, ta aika a kira wanzami.
Malamar aji ta rubuto: ba ya ji, sai gyangyaɗi.
Ni kuwa na dake shi, sau biyu,
kan katifar da yake jiƙawa.
Wannan bashin har yau ban gama biya ba.

A Lamingo, Dakta Kangyang ta haska bakinsa
ta ce in leƙa.
Ganda ta tsuke, ta yi zurfi,
haƙora na hawan juna kamar fasinjan motar Bukuru.
"Rufin baki shi ne daɓen hanci," ta ce.
"Likitan maƙogwaro zai yi nasa aikin,
ni da kai mu faɗaɗa ɗakin."

Aka kafa masa ƙarfe a sama,
aka ba ni mabuɗi, bai kai tsinken sakace ba.
Babur ɗina ya tafi a kuɗinsa.

Bayan lisha ya ɗora kai a cinyata,
uwarsa ta riƙe tocila.
Hannun da bai taɓa rawa a kan agogon alhazai ba
ga shi yana rawa.
Juyi ɗaya. Ya ce, "Baba, hancina na tsami."
Gobe ma juyi ɗaya.

Mako uku, wushirya ta ɓullo.
Inna ta ce yanzu ne ya yi kama da danginta.

Jiya shiru ne ya tashe ni.
Na taka ba takalmi, gabana na faɗuwa.
Bakinsa a rufe.
Na kara gilashin agogona a ƙasan hancinsa,
ya yi raɓa, ya washe,
ya sake yin raɓa.
Na zauna nan a sanyin siminti
ban ƙirga komai ba har kiran assalatu.