Abin da Na'ura Ba Ta Ɗauka Ba

A Garwa, daren Laraba nawa ne.
Ɗaki ɗaya, fanka mai tari, makirfo biyu,
ɗayan ma sai an ɗaure shi da roba.
Nakan ce wa baƙo, saki jiki, hira ce.
Shi kuwa sai ya dubi jar fitilar nan
kamar mai kallon idon dorina a Binuwai:
ya san na ƙasa ya fi na sama.

Barau Mai Garaya ya zo, hula a karkace.
Na tambaye shi ina kiɗa ya kwana.
Ya ce, "Lafiya lau, mun gode wa manya."
Da na kashe na'ura ya miƙe ƙafa,
ya ce, "Yaro, zaɓe huɗu ina wasa mutum guda,
na kira shi rijiya, na kira shi inuwa,
unguwarmu har yau layin jarka muke bi.
Ran da tsirkiyata ta tsinke a gaban taro,
ni kaɗai na san da gangan na ja ta."
Ya kurɓi shayi.
"Wannan kada ka sa."

Sai Hammadu Bobbo, marubuci,
littafi uku da Faransanci.
A iska ya yi bayanin al'ada
da kalmomi masu takalmi sau-ciki.
Da muka fito, a gaban mai tsire a Yelwa,
ya ce, "Innata na ajiye littafina a kwalla,
kada ɓera ya taɓa.
Ita ce a shafi na tara,
tana haye ruwa da ni a goye, shekarar ambaliya.
Na juya mata shi da Fulatanci,
ta ce, wa ya gaya maka haka aka yi?"
Ya yi dariya, ba ta kai ido ba.
"Wannan ma bar shi tsakaninmu."

Tabawa ce ta ɓata mini lissafi.
Bandar kifi take, ba ofis, ba hatimi,
amma matan bakin gada saba'in,
in ta ce a zauna, ba mai tashi.
An ce su kwashe murhu, za a gina shaguna.
Ta shigo da ƙaurin hayaƙi a mayafi,
ta ƙwanƙwasa makirfo da farce:
"Abin nan yana ji?"
Na ce yana ji.
"To ya ji. Kowace safiya muna yankan tikiti,
shekara goma sha tara, ga takardu a leda.
In wurin ba namu ba ne, wa ya ci kuɗin?
Sunana Tabawa, 'yar Ɗanjuma masunci.
Faɗa sau biyu, kada su kama wata."

Washegari mai tasha ya saurara,
ya shafa gemu, ya ce lokaci ya ƙure.
Almakashi ya bi ta kai.
Abin da gari ya ji:
sallamarta, tarinta, da na gode.

Sai dai garin nan ba da eriya kaɗai yake ji ba.
Yaron da ya kawo shayi ya gaya wa mai babur,
mai babur ya sauke zancen a Rumde Ajiya,
kafin Juma'a masu lodin auduga
na tambayar juna a inuwar mota,
wai wa ya ci kuɗin?

Ni mai tambaya, ba wanda ya taɓa tambayata.
Na san inda albashi ke fitowa,
na san nauyin buhun masara.
Da dare nakan ari alƙalamin 'yata,
in rubuta duk abin da aka ce kada in sa,
in tura ƙarƙashin tabarma, in kwanta a kai.
Barci a kan maganar mutane ba ya daɗi.

Jiya Barau ya aiko jikansa:
wai ya ɗaura sabuwar tsirkiya,
wai Laraba mai zuwa yana tafe,
wai in bar jar fitilar a kunne.