Kuka Uku

Jikka goma sha biyu na ba Tsahiru
ya taho min da ƙwaƙwalwa daga Kano,
'yar falle, koriya, ba ta kai cokali ba.
Na ce yau tsohuwar nan za ta daina jan ƙafa.

Na buɗe cikinta da turnabis,
na dasa, na rufe, na kunna.
Fanka ta juya.
Allo baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Sai kuka uku: ƙii, ƙii, ƙii.

Barira na tsaye a bakin shago.
Kundinta, shafi tamanin, na cikin wannan duhu,
gobe da hantsi za ta tsaya gaban malamai.
Ba ta ce uffan ba. Da ma faɗa ta yi.

Na zare waya, na ciro sabuwar,
na goge haƙoranta da magogin fensirin ɗana.
Kuka uku.
Na canja mata rami. Kuka uku.
Na zagi masu wuta, alhali yau ba ruwansu.
Na zagi Tsahiru a zuci.

Sai da aka kira la'asar a Ali Ɗan Sofo
na haska tocila na gani:
kunne ɗaya bai kama ba,
tazarar ko kaurin farce ba ta kai ba.
Tsoron karyawa ya sassauta min hannu.

Manyan yatsu biyu, da gaske.
Ƙas.

Kuka ɗaya, gajere.
Barira ta ja kujera ta zauna.
Tsahiru, ka yafe. Shayin dare a kaina.