Sanda ta Goma Sha Bakwai

Ni na kafa sandar nan ta Ƙofar Guga,
ta goma sha bakwai in ka ƙirga daga masallaci.
Igiya a ƙugu na hau ta, filaya a baki.
Shekara ashirin da shida ina hawa ina sauka
har tafin hannuna ya zama ƙirgi.

Wata Litinin aka tara mu a ofis,
wani yaro mai ƙamshin turare ya ce
an sayar da wuta.
Na ce, a wane mudu aka auna ta?
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Sun ce gasa za ta kawo sauƙi,
kamar masu tumatir a 'Yar Kutungu:
in wannan ya tsawwala maka, ka matsa gaba.
To ni waya ɗaya ta shigo gidana.
Wurin wa zan matsa?

Yanzu an tsaga titinmu biyu kamar goro.
Tsallake rukunin farko ne, firjinsu na gurnani har asuba.
Mu kuwa wuta baƙuwa ce mai gaisuwa a tsaye.
Lawandi mai walda ya koma kwana a shago,
in ta zo ƙarfe biyun dare ya zabura,
kafin ya liƙa ƙarfe uku ta ɗauke.
Rabin ƙofa na nan jingine tun azumi.

Hansatu ta kai tukunyar gas bayan ɗaki,
kaza ke kwana a kanta.
Ta koma gawayi. Tarinta ya dawo.

An ce akwai hukuma mai sa ido,
mai yanke farashi, mai jin kuka.
Na ba ɗan Barira ƙorafina ya tura ta waya.
Amsa ta zo: lamba.
Na adana ta cikin takardun fansho.

Jiya na sayi kati na dubu biyu,
na danna lambobi ashirin da tocila a haƙori.
Mita ta yi ƙara, ta karɓa.
Wutar ce dai ba ta zo ba.

Na fita na dafa sandar,
da sauran ɗumin rana a jikinta.
Can sama ƙullin da na yi bai kwance ba,
waya na kuka ƙasa-ƙasa,
tana wucewa da wutar wasu
ta saman kaina.