Bakin Karsana

Shekara talatin ina buɗe bakin sa a kara,
ban taɓa tambayar mai shi shekarunsa ba.
Haƙori ne allona:
biyu, huɗu, shida, cikakken baki,
in karanta, in yanke kuɗi, a tafa.

Wata Laraba Riskuwa ya jawo karsana
daga rugarsu can bayan Dange,
ya ce damina uku gare ta.
Na ɗaga leɓenta, na yi dariya.
Haƙoran sun rine kamar na tsohon maci goro,
sun cinye har dasashi,
ɗaya ya dare kamar ƙwaryar da aka taka.
Na ce, "Riskuwa, ji tsoron Allah,
wagga ai ta girmi ɗanka na fari."
Bai tanka ba. Ya ja igiyarsa,
ita ko tana bin sa kamar mai tafiya bisa ƙaya.

Mutum uku na gaya wa maƙaryaci ne.
Kafin la'asar kara duk ta ji.

Bayan girbi neman raguna ya kai ni rugar.
Na iske saniya durƙushe kan gwiwa tana kiwo,
ƙafafun sun ƙi ɗaukar ta.
Na shafa haƙarƙari, ƙulli bayan ƙulli,
kamar an ɗinke tsakuwa cikin fata.
Ƙoren tatsa rataye a reshen aduwa,
gizo-gizo ya yi gida a cikinsu.
Wani maharbi ya ce ya kama gada da hannu
kusa da kwatarniyar shayarwa,
ta dube shi kawai, gudun ya ƙi zuwa.

Likitar dabbobi na nan, Luba sunanta,
tana cika kwalba a bakin rijiyar burtsatse,
wadda aka yanka wa rago ranar buɗe ta.
Ruwa garau kamar idon zakara.
Ta ce, "Fulorayid. Ba launi, ba wari.
Dutsen da ke ƙasa ne ke jiƙa shi a ruwan.
Wani wurin hayaƙin masana'anta ke yayyafa shi kan ciyawa.
Kaɗan gyara ne ga haƙori,
in ya yi yawa sai ya koma cin ƙashi."
Na ce a yi allura mana.
Ta girgiza kai: "Waɗanda za a haifa muke ceto."

Sai ga ɗiyar Riskuwa da fura a ƙwarya.
Ta gaishe ni, ta yi murmushi.
Da a kara ne, da na ba ta shekara sittin.
Bakwai gare ta.

Furar ta tsaya mini a wuya.

Na koma kara na tsaya bisa turke,
na ce ni na yi ƙarya, ba shi ba.
Wasu sun ji, wasu na ƙirga kuɗi.
Magana zarar bunu, na sani,
karsanar ma tuni mahauta sun raba ta,
a kan rabin abin da ta kai.

Yanzu in an jawo mini dabba
ba na fara kai hannu ga leɓe.
Nakan ce, "Malam, zauna tukuna.
A ina take shan ruwa?
Yaranka fa?"