Hantar Kwikwiyo

Binuwai ta cika ta batse a watan tara,
ta kwanta a gonakin albasa na bayan Garwa.
Ƙwan sauro da ya shekara uku cikin busasshiyar laka
ya ji ruwa, ya farka.

Tumakin Hamajoda suka fara ɓari,
bakwai a dare ɗaya.
Karyarsa ta lashi mahaifa ne, ko sauron ya riga,
ban sani ba.
Ita kwana biyu ta yi tana rawar ɗari,
ta miƙe ta kaɗa wutsiya.
'Ya'yanta huɗu ne ba su miƙe ba.

Sali ya kawo na ƙarshe a kwalin sukari.
"Dokta, duba min me ya ci shi."
Ni ba dokta ba ne, mai miƙa almakashi ne,
amma dokta na Yawunde sai Talata.

Na sa safar hannu biyu-biyu, na rufe hanci,
na yi bisimilla.
Ko ana yi wa kare? Na dai yi.

Hanta ta kumbura, ta yi launin jiƙon tsamiya,
da ɗigo-ɗigo fari kamar an watsa tsakin gero.
Na taɓa, ta marmashe
kamar ƙuliƙulin da ya kwana a ruwa.
Matsarmama ta yi kauri, jini ya zane ta.
Zuciyar da ba ta kai ɗan goro ba,
duk jan tabo, sai ka ce cizon ƙuma.
Kwana tara a duniya,
ko ido bai buɗe ba
balle ya ga wanda ya cije shi.

Na yanki kaɗan na sa a kwalba,
lamba, ƙanƙara, ɗan babur zuwa Bokle.
Can za a faɗi sunan cutar;
ni zato kawai nake da shi.

"In binne shi?" in ji Sali.
A'a, wuta. Har kwalin.
Na wanke masa hannu sau uku,
na dafa goshinsa, bai san dalili ba.

Da dare magenmu na shayar da uku a kwando.
Na yanko gefen tsohon gidan sauro na lulluɓa.
Astajam ta yi dariya: "Har da mage?"
Ban amsa ba.
Ina jin wani siririn kuka kusa da kunnen jaririyarmu,
ina laluben tocila.