Yatsun Kunkuru

A Kwangila na tsaya da jarkar man gyaɗa,
sai ga tireloli uku sun doshi arewa,
kowace da kunkurun ƙarfe goye a baya,
an ɗaure da sarƙa, an lulluɓe da tamfol,
bakin bindiga kaɗai ke leƙen gari.
'Yan acaɓa suka ja gefe. Ni na kasa motsi.
Kunnena na hagu, wanda ya mutu tun tuni,
shi ya fara jin su.

Kakana da ƙafa ya yi nasa aikin,
ƙafa da ƙunshin gari,
daga Daffo har inda bai taɓa yarda ya faɗa ba.
Babana akori-kura ya hau, bayanta a buɗe,
ruwa ya shigo, harsashi ya shigo, ba mai yin sallama.
Mu muka tarar da zamanin sulke.
Aka ce ga ɗaki mai tafiya, ku shiga ku takwas,
gwiwa na gugar gwiwa,
warin baƙin mai, tsamin safa,
zufar wani na ɗiga a wuyan wani.

Saje Dogara, mutumin Wusasa,
ya daki haƙarƙarinta da tafin hannu:
"Kurata, kun san abin da Hausawa suka ce,
kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.
To ga kunkuru. Ku ne yatsun.
Za ta kai ku bakin wuta, amma ba ta shiga lungu,
ba ta hawa soro, ba ta leƙa rumbu,
ba ta san manomi da mai binne nakiya ba.
Wannan aikin ido ne, da tafin ƙafa."

A ciki ba a ganin gari.
Da ƙugu ake karanta hanya:
nan kwalta, nan burji, nan kunyar gona.
Barau direba na tauna goro a gaba,
Cindo a sama, rabinsa a rana.
Sai ka ji ta ja numfashi ta tsaya.
Ƙofar baya ta faɗi.
Haske ya mare ka.
Duk abin da aka koya maka yana cikin taku goma na farko.

Mun taɓa kwaso mutanen wani ƙauye cikin dare.
Wata tsohuwa ta ƙi hawa sai da kazarta,
ta zauna a kan akwatin harsashi kamar a kan tabarma.
Da muka iso tudun mun tsira
ta kwance bakin zane, ta ce nawa ne kuɗin mota.
Saje ya yi dariya har da hawaye.
Sau ɗaya ke nan na ga haƙoransa.

Wata biyu bayan nan ƙasa ta buɗe baki a ƙarƙashinmu.
Ƙarfe ya sha abin da zai iya sha,
ya bar mana saura.
Mu takwas muka rarrafo ta baya, kunne na jini.
Barau bai fito ba.
Goronsa, ɓari guda, yana nan a aljihun gaba,
ni na kai wa mahaifiyarsa a Tukur-Tukur,
don ban san me ake kaiwa ba.

Tirela ta ƙarshe ta zo wucewa.
Wani yaro cikin kaki zaune a gindin sarƙa,
kwalkwali ya yi masa yawa,
yana latsa waya da babban yatsa.
Na so in sara masa,
jarka ta riƙe mini hannun dama.
Kafin in sauya, sun haye gada.

Hayaƙi ya lafa, masu lemo suka koma kira.
Mai ɗakina na jiran mai a Tudun Jukun,
an kusa la'asar, ba canji a aljihu.
Na gyara hula.
Sauran tafiyar, kamar kullum,
ta ƙafa ce.